DARASI: BAƘO A HANNUN HUKUMA

'Yan'uwa, a watan Janairu 1970, da yaƙin basasa ya ƙare, gwamnatin tarayya ta kama limamai da sistoci 'yan mishan waɗanda suka zauna cikin yankin Biyafara. Yawancinsu 'yan ƙasar Ailan ne. Aka tsare su, aka gurfanar da waɗansu a kotu a Fatakwal bisa laifin shiga ƙasa da yin aiki ba izini, sa'an nan aka kore su. Bishof Joseph Whelan na Owerri yana cikinsu. Daga wannan ƙasa ta Ailan ne kuma Bishof Patrick Sheehan ya fito, wanda ya zama bishof na fari na Dayosis ɗin Kano a 1999. A 2025 kuwa, aka tsare waɗansu 'yan Ailan a Amurka makonni da watanni suna jiran kora.

Me ya haɗa wannan da mu a Rano da Kibiya? Kowace kaka, bayan girbi, samarinmu sukan fita cin rani. Waɗansu sukan tsaya Legas, waɗansu dillalai sukan ruɗe su har Agadas da Libiya. 'Yan Nijeriya da yawa sun yi watanni a gidajen tsaro na Libiya, waɗansu kuma a Shumaisi kusa da Jidda, kafin a dawo da su gida.

Sai mu gane dalilin daɗewar. Wanda ke jiran kora ba a yanke masa wa'adi kamar ɗan kurkuku ba. Sai ofishin jakadancin ƙasarsa ya tabbatar da shi, ya ba shi takardar tafiya, a kuma sami jirgi. Wanda dillali ya ƙwace masa fasfo, nasa jiran ya fi tsawo.

Ga abin da ya kamata mu riƙe:

1. Kada ɗanmu ya fita ƙasa sai da fasfo da biza na gaskiya, ya kuma bar kwafinsu a gida.

2. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba baƙon da aka kama ikon neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Mu koya wa masu tafiya wannan.

3. In labarin ɗanmu ya yanke, mu gaya wa Fada ko katekis da wuri, domin a kai maganar ga hukuma.

4. Wanda aka koro ya dawo hannu banza, kada mu yi masa ba'a. Mu ba shi gona, mu sa shi cikin gayya.

A Matiyu sura 25 Ubangiji ya lissafta baƙo da ɗaurarre cikin waɗanda za a tambaye mu a kansu ranar shari'a. Ɗan Ailan ne ko ɗan Kibiya, tambayar ɗaya ce.

Domin tattaunawa a zumunta: wa ya bar ƙauyenmu bana, kuma wa ya san inda yake?