Wasiƙa ga Matasa Masu Son Zama Kusa da Manya



Da yawanku burinku shi ne ku tsaya kusa da wani babba, ku riƙe masa waya, ku tsara masa baƙi, a riƙa bi ta wajenku kafin a gan shi. Burin ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda aka ɗauka cewa fadanci ne ke kai mutum can, kuma shi ne ke zaunar da shi. Hujjata cewa ba haka ba ne tana cikin wasiƙun da Sarki Firedirik na Biyu na Furusiya, wanda ya yi mulki daga 1740 zuwa 1786, ya riƙa aika wa baransa Michael Fredersdorf, waɗanda aka tattara aka buga a Jamus a 1926.

Ku dubi abin da ya rubuta masa bayan yaƙin Soor, wanda aka gwabza ranar 30 ga Satumba, 1745. Rundunar Ostiriya ta kusa ninka tasa, amma shi ya yi galaba. Sai dai ana cikin gumurzu mahayan abokan gaba suka zagaya ta baya suka wawashe masa sansani, suka kwashe tufafi da littattafai da sarewar da yake busawa, suka kama magatakardarsa Eichel, har da karyarsa Biche suka tafi da ita. Duniya ta ji labarin nasara, Fredersdorf kuwa lissafin asara aka aika masa: hafsoshin da suka mutu, kayan da suka salwanta, da umarnin a sa malamin busarsa Quantz ya ƙera masa sababbin sarewa. Harshen ma abin lura ne. Firedirik da Faransanci yake rubuta littattafansa, da shi yake wasiƙa da marubucin nan Bafaranshe Voltaire, Jamusanci kuwa raina shi yake yi. Amma da Jamusancin ya rubuta wa wannan bara, gurguwar Jamusanci mai cike da kurakuran rubutu, ba ado ba kwalliya. Sarkin da aka bari daga shi sai kayan jikinsa ba kirari yake bukata ba, wanda zai aika masa riga da kuɗi kafin mako ya zagayo yake nema. Fredersdorf shi ke riƙe da lalitar sarki, shi ke ɗauko mawaƙa da 'yan wasan fada, ta hannunsa wasu aikace-aikacen asiri ke bi. Aikin da yake iya gamawa ne ya sa sarki ba ya jin kunyar nuna masa rauninsa, kuma idan bara ya kwanta ciwo, sarkin da kansa yake masa faɗa a rubuce kan ya bar bin likitocin bogi.

Wani zai ce ai sa'a ce kawai. Gaskiya ne Fredersdorf ɗan talaka ne, mabushi a cikin soja, kuma ya haɗu da Firedirik ne bayan 1730, lokacin da mahaifin Firedirik ya tsare ɗan nasa a Küstrin saboda yunƙurin gudu, aka kuma fille kan abokinsa Katte. To, wannan ma darasi ne, domin ya kusanci yarima a lokacin da kusantarsa ba riba ce tabbatacciya ba. Sa'a kan buɗe ƙofa, amma ba ta riƙe mutum sama da shekara 25 a gaban ubangida mai zargi da kaifin harshe. Voltaire, da duk basirarsa, shekara uku ya yi a fadar ya fita da rigima a 1753.

Akwai suka da ta fi wannan nauyi, kuma na yarda da ita. Amanar nan wa ta yi wa amfani? Firedirik ne ya tsokano faɗan, da ya afka wa yankin Silesiya a Disamban 1740 ya ƙwace shi daga hannun Mariya Tereza ta Ostiriya bisa hujja mai rauni. Dubban mutane ne suka mutu ko suka jikkata a Soor, ga sarki yana jimamin karya. Amintaccen bara yakan sauƙaƙa wa azzalumi zaluncinsa, don haka kafin ku ba wani ƙwarewarku da sirrinku, ku tambayi kanku abin da zai yi da su, ku kuma san inda za ku ce a'a tun kafin ranar ta zo.

Sannan ku kula da dukiyar da za ta bi ta hannunku, ku rubuta shigarta da fitarta ko da ubangidan ya ce ba sai kun rubuta ba. Fredersdorf ya samu gandun Zernikow kyauta daga sarki tun 1740, ya yi arziki, amma ya faɗa hannun masu da'awar mayar da ƙarfe zinariya. A 1757, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Bakwai, aka sallame shi bisa zargin rashin gaskiya a harkar kuɗi, kuma tulin wasiƙun nan ba su kare shi ba. Ya rasu a Potsdam a Janairun 1758 yana da shekara 49.