Darasi: Dokas, da Matan da Suke Tara Ƙyallaye

Karatu: Ayyukan Manzanni 9:36-43. A duba kuma 1 Sama'ila 2:18-19 da Malakai 1:6-8.

Labarin da ke gabanmu yau gajere ne, ayoyi takwas kaɗai. Luka ya gaya mana cewa a Yafa, garin da ke bakin Bahar Rum, akwai wata mace mai bi, sunanta Tabita. Sunan nan na Aramiya ne, ma'anarsa barewa. Da Helenanci kuwa ana ce mata Dokas. Masu sanin Helenanci sun lura cewa cikin dukan Sabon Alkawari ita kaɗai aka kira da kalmar nan almajira, watau almajiri mace. Ta yi ciwo, ta rasu, aka kwantar da gawarta a ɗakin bene. Da 'yan'uwa suka ji Bitrus yana Lidda, tafiyar kamar mil 11, sai suka tura mutum biyu su kirawo shi.

Bari mu tsaya a bakin ƙofar ɗakin nan, mu ga abin da Bitrus ya tarar. Matan da mazansu suka mutu sun kewaye shi suna kuka, kowace tana nuna masa tufar da Dokas ta ɗinka. Waɗansu masana sun ce yadda Luka ya tsara maganar yana nuna tufafin suna jikinsu a sa'an nan. Ba a rubuta mana ko kalma ɗaya da ta fito daga bakin Dokas ba. Ba mu san addu'arta ba, ba mu san ko ta taɓa koyar da wani ba. Abin da ya yi mata shaida a gaban manzo ɗinkin hannunta ne.

Ya kamata mu san darajar tufa a zamanin nan. Luka ya ambaci iri biyu: taguwar ciki wadda ake sawa a jiki, da mayafin waje wanda ake yafawa bisa. Ba injin saƙa, ba keken ɗinki. Tsofaffinmu da suka ga kaɗi da mazari, suka ga masaƙi a bakin aikinsa, sun san yawan kwanakin da ake ci kafin a sami zane ɗaya. Mayafin matalauci shi ne rigarsa da rana, shi ne kuma bargonsa da dare. Saboda haka Shari'ar Musa, cikin Fitowa 22, ta umarta cewa wanda ya karɓi mayafin maƙwabcinsa jingina ya mayar masa kafin rana ta faɗi. Cikin Maimaitawar Shari'a 24 kuwa an hana karɓar tufar matar da mijinta ya mutu jingina sam. Dokas ta ba matan nan abin da Shari'a ta ce kada kowa ya ƙwace musu.

Allah ya tashe ta ta wurin addu'ar Bitrus, mutane da yawa kuma suka ba da gaskiya. Wannan shi ne babban al'ajabin surar. Amma yau muna so mu bi zancen ɗinkin, gama sunan matar nan bai tsaya a Yafa ba. Cikin ƙarni na 19, a Ingila da Amurka, mata a ikilisiyoyi da yawa suka kafa ƙungiyoyin ɗinka wa matalauta tufafi, suka sa musu sunan Dokas. Za mu ɗauki labarin jama'a ɗaya wadda ta riƙe irin aikin nan fiye da shekara ɗari, domin akwai abin koyo cikin nasararsu, akwai kuma cikin gyaran da ya zama musu tilas.

Matan Menonait da bargunansu

Menonait wata ɗarika ce ta Kirista wadda ta sami sunanta daga Menno Simons, mutumin ƙasar Holan, na ƙarni na 16. An san su da ƙin ɗaukar makami. Tsanani da neman gonaki suka warwatsa su, waɗansu zuwa Amurka da Kanada, waɗansu zuwa kudancin Rasha, inda ƙasar Yukren take yanzu. Bayan juyin mulkin Rasha na 1917, yaƙi da cuta da yunwa suka auka wa waɗanda ke can. A watan Yuli 1920 'yan'uwansu na Amurka suka taru a garin Elkhart na jihar Indiyana, suka kafa Kwamitin Tsakiya na Menonait, wanda ake taƙaita sunansa MCC, domin su aika da abinci da sutura. Ɗaya daga cikin ma'aikata uku na farko, wani saurayi Clayton Kratz, aka kama shi a can cikin shekarar nan, ba a ƙara jin labarinsa ba. Waɗansunmu sun san sunan kwamitin nan, gama ma'aikatansa sun yi aiki a ƙasarmu, musamman a Jos.

Rabon mata cikin aikin shi ne allura. Matan ƙauyukan Menonait sun gaji wata sana'a daga iyayensu, ta haɗa bargo da ƙyallaye. Ga yadda ake yi. Ana yanka ƙyallaye daidai wa daida, a ɗinka su gefe da gefe har su zama shimfiɗa mai faɗi. Sa'an nan a shimfiɗa yadi guda a ƙasa, a sa auduga a tsakiya, a ɗora shimfiɗar ƙyallayen bisa, a haɗa ukun da ɗinki ko da ƙulli. Wanda ya taɓa duban lifidin doki da kyau ya san irin aikin. Mace ɗaya tana iya yanka da haɗawa a gidanta, amma ɗinkin ƙarshe na taro ne: a miƙe bargon bisa katako, mata su zauna kewaye da shi, kowace da allurarta.

Ƙyallayen kuwa tarawa ake yi. A yi shela a majami'a, kowace ta kawo abin da ya ragu cikin kwandonta: ragowar yadin rigar miji, guntun da aka yanke daga rigar 'ya. A shekarun 1930 da 1940 ana sayar da garin alkama da abincin kaji a Amurka cikin buhunan auduga masu zane, mata kuwa sukan warware buhunan, su wanke, su yi wa yara riguna da su, abin da ya saura ya shiga bargo. Nan mukan tuna da Yohanna 6, inda Ubangijinmu ya sa almajirai su tattara gutsattsarin gurasa bayan jama'a sun ƙoshi. Guntun ƙyalle ɗaya ba ya rufe ko tafin hannu, amma ɗari biyu da aka haɗa suna rufe yaro da ƙanensa.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, Turai ta cika da 'yan gudun hijira, ga sanyi mai kisa, ga yara ba sutura. Diloli na barguna da tufafi suka riƙa ƙetare teku. A arewacin Holan wata matar fasto, An Keuning-Tichelaar, ta saukar da 'yan gudun hijira daga Yukren, ta rufe su da bargunan nan. Da baƙin suka wuce, waɗansu bargunan suka saura a hannunta, ta adana su shekaru da yawa. An buga labarinsu cikin littafi a 2005. Saboda yara kuma aka fito da wata dabara, ƙunshin Kirsimeti. Iyali sukan zaɓi yaro ko yarinya mai shekaru kaza, su tanadi sababbin tufafi daidai jikinsa, su haɗa da sabulu da ɗan abin wasa, su naɗe duka cikin tawul.

Ku lura da maganar nan, daidai jikinsa. Cikin karatunmu na biyu, Hannatu ta ba da ɗanta Sama'ila ga hidimar Ubangiji a Shilo, kowace shekara kuwa takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Don me kowace shekara? Domin yaro yana girma. Uwar da ba ta ganin ɗanta sai shekara shekara, lalle ne ta zauna ta auna cikin zuciyarta tsawon da ya ƙaru da shi kafin ta yanka yadi. Mai ɗinka wa yaron da ke hayin teku, wanda ba za ta taɓa gani ba, tana bukatar irin tunanin nan ninki biyu.

Sa'ad da kyauta ta zama nauyi

A nan ne labarin ya juya. Turai ta farfaɗo, aikin taimako ya koma ƙasashen Asiya da Afirka da Amurka ta Kudu. Amma mutane ba su daina kawo tsofaffin tufafinsu ba, da yawansu kuwa manyan rigunan sanyi ne, waɗanda ba su da amfani a ƙasar zafi. Kuɗin ɗaukarsu a jirgin ruwa ba kaɗan ba ne, alhali sau da yawa ana iya sayen abin da ake bukata kusa da masu bukatar. A farkon shekarun 1970 kwamitin ya rage aikawa da tsofaffin tufafi ƙwarai. Shugaban sashen kayan taimako, John Hostetler, ya ce abin da suke bukata shi ne hanyar da za ta mai da tufafin nan kuɗi.

Ku yi tunanin yadda maganar nan za ta sauka a kunnen macen da ta yi shekara ashirin tana wanki da faci da ninki. Da ta yi fushi ta ajiye allurarta, ba wanda zai yi mamaki. Amma a garin Altona na lardin Manitoba, a Kanada, mata huɗu suka ɗauki maganar da gaske. A watan Maris 1972 suka buɗe ɗan kanti, suna sayar wa mutanen garinsu tufafin da aka kawo, suna aika da kuɗin. Daga kantin nan ɗaya, irinsa suka bazu cikin Kanada da Amurka, suka tara miliyoyin daloli. Barguna mafi kyau kuma, waɗanda aka ci watanni ana ɗinkinsu, ana kai su kasuwar taimako ta shekara shekara a yi gwanjonsu, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Bargo ɗaya yakan kai dubban daloli.

Mu a nan mun san ɗaya gefen zancen, gama mu ne muke hayin tekun. Da yawa daga cikin tufafin da mutanen Turai da Amurka suke bayarwa sadaka ga ƙungiyoyi dabam dabam, 'yan kasuwa ne suke saye a ɗaure dila dila, su iso kasuwanninmu da sunan gwanjo. Ba za mu zagi gwanjo ba; ya rufa wa iyaye da yawa asiri, ya kuma ciyar da masu sayar da shi. Amma tela yana ji a jikinsa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ko da yake dalilanta suna da yawa, har da rashin wutar lantarki da yadin fasa-ƙwauri. A 2016 ƙasashen Gabashin Afirka suka yi shawarar hana shigo da gwanjo domin su tsare masaƙunsu. Ruwanda ta tsaya a kan shawarar, a 2018 kuwa Amurka ta janye mata rangwamen harajin da take yi wa tufafinta. Ashe tsohuwar riga tana iya zama zancen gwamnatoci.

Ba a daina aikawa da barguna ba, gama waɗanda ke karɓa a sansanonin gudun hijira suna neman su. Sai dai akwai ƙa'ida. Yadin ya zama sabo ko kusa da sabo. Girman ya zama kamar inci 60 da inci 80. Ƙullin ya zama kusa da kusa, domin kada audugar ta dunƙule bayan wanki. Kayan jarirai kuwa sababbi ake karɓa. Ƙungiyar taimako ta Lutheran, wadda aka kafa a Amurka a 1945, ita ma tana aika da irin bargunan nan, ta kuma roƙi mata kada su sa yadi mai alamar soja, ko ta tutar ƙasa, ko ta addini. Wani zai yi mamakin ta ƙarshen. A ganinmu daidai ne. Yaron da ya tsere wa yaƙi bai kamata a rufe shi da hoton yaƙi ba, uwar da ba Kirista ba kuwa bai kamata ta tsaya tana shawara tsakanin bangaskiyarta da sanyin ɗanta ba.

Annabi Malakai ya tsauta wa firistocin zamaninsa domin suna kawo makafin dabbobi da guragu a bagade, ya ce su gwada kai wa mai mulkinsu irinsu, su gani ko zai karɓa. In mun haɗa wannan da Matiyu 25, inda Ubangiji ya lissafta suturta matalauci kamar shi kansa aka suturta, tambayar tana da kaifi. Rigar da muka ciro daga ƙasan akwati, mai yagewa a hamata, wadda 'ya'yanmu suka ƙi, wa muke miƙa wa? Da Dokas tsummoki ta raba, da gwaurayen Yafa ba su nuna wa Bitrus ba.

A ranar 18 ga Janairu 2020, domin cikar kwamitin shekara ɗari, aka kira masu ɗinki su tara barguna 6,500. Suka tara fiye da 9,000.

Tambayoyi domin tattaunawa

Mai jagora ya bar 'yan Zumuntar Mata su fara amsawa, gama su ne suka fi sanin aikin.

1. Don me Luka ya rubuta zancen tufafin, alhali yana iya tafiya kai tsaye ga tashin Dokas?

2. Cikin garinmu akwai marayu, akwai kuma waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Kafin mu tara musu kaya a bara, wa ya je ya tambaye su abin da suke bukata, da shekarun yaransu?

3. In ikilisiyarmu tana da kuɗin suturta yara ashirin, wanne ya fi: mu sayi gwanjo mai yawa, ko mu sayi yadi mu ba telan unguwa, ko wata gwauruwa mai keken ɗinki, ko da abin da za a samu bai kai yawan gwanjon ba? Kowa ya kawo dalilinsa.

4. Telolin da ke cikinmu su faɗa mana: ƙyallayen da ke zuba ƙarƙashin kekensu kowane mako, ina suke tafiya?