Yaro Ɗaya, Itace Ɗaya: Koya wa 'Yan Firamare Kula da Halittar Allah

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama, makarantu da yawa sukan yi bikin dashen itatuwa. A tara yara, a yi waƙa, Fada ya sa albarka, a jera 'yan itatuwa a bakin filin makaranta. Amma idan aka koma wurin a watan Maris, sau da yawa ramuka da busassun tsinke kawai za a tarar. Awaki sun ci wasu, rana ta ƙone wasu, sauran kuma ba wanda aka ɗora wa alhakin ba su ruwa.

Yara suna kallon wannan, suna kuma koyon darasi daga ciki, ko da ba shi muka yi nufin koya masu ba. Sun koyi cewa kula da ƙasa biki ne na rana ɗaya. A wannan nazari muna so mu duba yadda makarantun firamare na Katolika a ƙauyukanmu, da iyaye da ikilisiyoyin da ke kewaye da su, za su koya wa yara wani abu dabam: riƙon amanar abu mai rai daga damina zuwa damina. Abin da za mu faɗa zai amfani kowace makaranta, da kowane ajin Lahadi.

Abin da Maganar Allah ta koya mana

A Farawa 2:15 mun ga cewa aikin farko da Allah ya ba mutum shi ne ya noma gonar Aidan, ya kuma kiyaye ta. Ayyuka biyu ne. Mu manoma mun iya na farko ƙwarai, amma na biyun ne yake neman kuɓuce mana. Zabura 24 ta tuna mana cewa duniya da dukan abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Ashe gonar da muke kira tamu ajiya ce aka ba mu, mai ajiya kuwa wata rana zai ba da lissafi.

A Maimaitawar Shari'a 20:19 Allah ya hana Isra'ilawa sare itatuwa masu ba da 'ya'ya ko da a lokacin yaƙi ne. Idan har an hana sojan da ke bakin daga, ina ga mu da muke sare ɗorawa da kaɗanya don buhun gawayi?

Ikilisiyar Katolika ta ƙara jan hankali ga wannan a 2015, lokacin da Paparoma Francis, wanda ya rasu a 2025, ya rubuta wasiƙar da ake kira Laudato Si'. A ciki ya bayyana duniya a matsayin gida ɗaya da dukanmu muka haɗa, ya kuma nuna cewa idan ƙasa ta lalace, matalauta ne suke fara shan wahala. Ya ambaci makaranta da iyali da ajin katikisma a cikin wuraren da ya kamata a koyar da wannan. Mu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun san wanda yake ƙara nisan tafiya idan itacen girki ya ƙare kusa da gari, mun san wanda yake fashin makaranta idan rijiya ta ƙafe.

Kada aikin ya zama horo

Kafin mu shiga aikin, akwai al'ada ɗaya da ya kamata mu duba. A makarantu da yawa, idan yaro ya makara ko ya yi laifi, sai a ba shi tsintsiya, ko lauje, ko bokiti. Da haka yaro yakan tashi da tunanin cewa shara da ban ruwa aikin masu laifi ne. Ba za mu iya koya masa da safe cewa kiyaye ƙasa aiki ne mai tsarki, da rana kuma mu hore shi da aikin nan ba.

Saboda haka, bari malamai su nemi wata hanyar horo. Kula da itace ya zama girma da ake ba yaro a gaban 'yan'uwansa. Malami ma ya sami nasa itacen, haka hedimasta da katikis, yara su gan su da bokiti a hannu. A kuma raba aikin daidai, kada ɗebo ruwa ya zama na 'yan mata kaɗai.

Aikin shekara guda

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga tsarin da makaranta za ta iya bi ba tare da kashe kuɗi ba. Kowane yaro daga aji 3 zuwa aji 6 zai sami itace nasa. Ƙananan kuma a haɗa kowanne da babba, su zama mataimaka.

1. Tara iri. Yara su tambayi kakanninsu sunayen itatuwan da ke garin a dā waɗanda yanzu suka yi wuyar gani, da amfanin kowanne. A rubuta sunayen a allo. Daga nan a tara irin zogale, kuka, tsamiya, ɗorawa, gawo, da darbejiya, wato dogon yaro. Irin darbejiya ba ya jure ajiya, a shuka shi da zarar an tsince shi.

2. Renon dashe, a watan Maris zuwa Afrilu. Yara su tsinto ledojin ruwan sha da aka zubar, a yanke bakinsu, a huda gindinsu. A cika su da ƙasa mai kyau kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1, yashi kashi 1. A jera su a inuwa kusa da rijiya. Zogale yakan tsiro cikin mako ɗaya ko biyu, don haka yana ƙarfafa zuciyar ƙananan yara. Irin kuka da gawo da ɗorawa suna da tauri. Babba ya ɗan kankare ɓawon da wuƙa, a jiƙa su kwana ɗaya kafin a shuka.

3. Dasawa, idan ruwa ya zauna sosai, kafin a tafi dogon hutu a watan Yuli. A haƙa rami kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi. A yage ledar a cire ta ba tare da an watsar da ƙasar saiwa ba. Bayan an dasa, a yi ɗan kwari kewaye da gindin don ya tare ruwa. A kafa ƙaramin allo da sunan yaron da sunan itacen.

4. Shinge, kafin a gama girbi. Wannan ne matakin da aka fi sakaci da shi. Da zarar an kwashe amfanin gona aka saki dabbobi, duk ɗanyen ganye ya zama abincinsu. A kewaye kowane itace da ƙaya, ko tsohon kwando, ko tubalin laka da aka jera da 'yan ƙofofin shan iska.

5. Ban ruwa, daga Nuwamba har saukar damina. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe, amma kada ta taɓa jikin itacen, saboda gara. Gara a ba da ruwa sosai sau biyu a mako da a riƙa yayyafawa kullum, domin ruwan da ya ratsa ƙasa shi ke jan saiwa ta nutse. Inda ruwa yake da wuya, a binne ƙaramar tukunyar ƙasa kusa da gindin, a cika ta, a rufe bakinta. Ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali. Ruwan da yara suka wanke hannu da shi ma kada ya tafi a banza.

6. Awo. Sau ɗaya a wata kowane yaro ya auna tsayin itacensa da igiya ko sanda, ya rubuta a littafi. Ga lissafi, ga kimiyya, ga rubutu, duk a wuri ɗaya.

Wasu itatuwan za su mutu ko da an yi ƙoƙari. Kada a tsawata wa yaron. A tono gindin tare da shi, a duba ko gara ce, ko ƙishirwa, ko ledar da aka manta ba a cire ba, sa'an nan a ba shi wani dashen. Bikin kuwa a ɗaga shi zuwa damina ta gaba, a yi shi don itatuwan da suka tsallake rani.

Itatuwan da ke ɓoye a ƙasa

Ba dukan itace ne sai an dasa shi ba. Wannan darasi ya zo mana daga manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A 1983 wani ɗan mishan daga Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yawancin itatuwan da yake dasawa suke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne. Toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu kuwa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin wasu suna gyara su, suka kuma koya wa juna. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a gonakin da suka kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Yara za su iya koyon wannan a gonar makaranta ko ta ikilisiya. A nemi kututturen sabara, ko kalgo, ko magarya, ko gawo mai toho. A zaɓi rassa 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, babba ya yanke sauran da wuƙa mai kaifi. A ɗaura jan ƙyalle don kowa ya san an bar shi da gangan. Bayan 'yan watanni a dawo a sake ragewa. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa, irin wannan itace ba ya bukatar ban ruwa.

A nuna wa yara gawo musamman. Shi yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani, sa'ad da sauran itatuwa suka bushe, shi yake yin kore, 'ya'yansa kuma su ciyar da dabbobi. Yaron da ya lura da wannan da idonsa ya ga hikimar Mahalicci, gani kuwa ya kori ji.

Abubuwa uku da ya kamata kowane yaro ya sani

• Leda. Akuya ko saniya da ta haɗiye leda takan rame har ta mutu, domin cikinta ba ya narkar da ita. Leda tana toshe magudanar ruwa, ruwan ya kwanta, sauro ya hayayyafa. Hayaƙinta kuma yana cutar da ƙirji, don haka kada a sa yara ƙona ta.

• Wutar daji. Gafiya ɗaya ba ta kai ciyawar dabbobi da 'yan itatuwa da takin ƙasa da wuta take cinyewa ba.

• Galan ɗin maganin feshi. Ko an wanke shi, kada a zuba ruwan sha ko mai a ciki, kada yara su yi wasa da shi, kada kuma a wanke shi a rafi ko bakin rijiya.

Namu aikin

Hutun Kirsimeti da na Ista duka suna faɗowa a cikin rani, a nan ne itatuwan makaranta suka fi mutuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa za su iya raba kwanakin hutu, su riƙa raka yaran da ke kusa. Dattawa su yi magana da mai unguwa da masu dabbobi tun kafin girbi. Makarantunmu suna da 'ya'yan Musulmi da na sauran ikilisiyoyi, a gayyaci iyayensu duka, gama inuwa ba ta tambayar addinin mai zama.

Daga ranar 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, ranar tunawa da Waliyyi Faransis na Asisi, ikilisiyoyi da yawa a duniya suna addu'a domin halitta. Lokaci ne mai kyau yara su kawo littattafan awonsu a Misa ko sujada, su gaya wa jama'a yadda itatuwansu suke.

Kada mu rena abin da ke faruwa a ƙaramin aji. Wangari Maathai ta Kenya ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta Katolika a Nyeri. A 1977 ta fara aikin dashe da itatuwa 7, matan karkara suka ɗauka har suka dasa miliyoyi, a 2004 kuma ta zama mace ta farko daga Afirka da ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Tambayoyin tattaunawa

Ku karanta Luka 13:6-9, misalin itacen ɓaure da bai ba da 'ya'ya ba.

• Me mai gonar ya so a yi da itacen? Me mai lura da gonar ya roƙa, wane aiki kuma ya yi alkawarin yi?

• Yesu ya ba da misalin ne a kan tuba da haƙurin Allah. Game da yadda muke bi da gonakinmu da dajinmu, wane abu ne ya kamata mu tuba daga gare shi?

• Waɗanne itatuwa ne iyayenmu suka bar mana waɗanda jikokinmu ba za su tarar ba?

• Ku karanta Luka 16:10. Wane ƙaramin abu ne za mu iya damƙa wa yaranmu a wannan zangon karatu?

• Wa zai ba itatuwan makaranta ruwa a hutu mai zuwa? Ku rubuta sunaye da ranaku kafin ku tashi.

Addu'a: Ya Allah Mahalicci, kai ka ba mu ƙasa da ruwa da 'ya'ya. Ka ba mu haƙurin reno, ka sa abin da za mu bar wa yaranmu ya fi abin da muka tarar, ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.