Mai Mai ko Marar Mai: Amsar da Na Yi wa Ɗana Kafinta Alkawari

Ɗana, shekaranjiya ka tsaya a bakin shagona bayan la'asar, ka durƙusa ka gaishe ni, sannan ka ce, "Baba, injin iska nake so in saya, amma an raba mini hankali. Wasu sun ce mai mai, wasu sun ce marar mai." Na ce ka je sai na neme ka. Na ga fuskarka ta canza, kamar kana cewa tsohon nan ya fara jan rai. To, kuɗin da ke aljihunka na san yadda aka tara su: adashin wata goma ne, da abin da mahaifiyarka ta ƙara maka ranar da maigidanka ya yaye ka. Irin wannan kuɗi ba a yanke masa hukunci a tsaye a bakin titi.

Iska ba baƙuwa ba ce a sana'ar garin nan. Masu tarihi suna cewa tama maƙera suka biyo har gindin Dala tun kafin a ɗora tubalin farko na ganuwa, kuma duk inda aka hura wutar ƙira akwai yaron da ke zaune yana zuga. Abin da kuke kira kwamfaresa zugazugi ne aka yi masa tanki. Fistan yana hawa yana sauka a cikin silinda, ya zuƙo iskar waje ya danna ta cikin tanki, har allurar geji ta kai inda aka saita, yawanci bar 8, wato wajen 115 a ɗaya layin gejin, wanda masu faci suka fi kallo. Tayar ƙaramar mota 30 zuwa 35 kawai take sha a wannan layi, ka ga ke nan abin da ke ɗaure cikin tankin ba na wasa ba ne.

Duk inda abu yake gugar ƙarfe sau ɗaruruwa a minti guda, dole a sami mai shiga tsakani. A nan hanyar ta rabu biyu. Shi mai mai, akwai mai kwance a ƙasan kansa, sandar fistan tana tsoma baki tana fantsama shi ko'ina. Man yana rage guga, yana kwashe zafi, yana kuma toshe 'yan kafofin da iska za ta sulale. Na kirkinsu silindarsa ta ƙarfen zubi ce, bel ne kuma yake juya shi: moto tana gudu, shi yana bin ta a hankali, wajen juyi 1,000 a minti ko ƙasa da haka. Wannan rashin gaggawa shi ne sirrin daɗewarsa. Shi kuwa marar mai, an sanya wa fistansa zobe na wani abu mai santsi da ake kira Teflon, wanda wani masanin sinadarai, Roy Plunkett, ya gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1938, alhali ba shi ya fita nema ba. Shi ne shafen nan da ke cikin kaskon suya na zamani, wanda ƙwai ba ya kamawa. Marar mai ba ruwansa da juyen mai, ba ruwansa da ɗigar mai, ka ɗauke shi da hannu ɗaya ka ɗora a Adaidaita Sahu. Sai dai zoben nan kamar ƙasan takalmi yake, kullum ci yake yi, wata rana sai an sake shi.

Da ka tambaye ni wanne ya fi, na so in mayar maka da tambaya: iska nawa aikinka yake sha? Bindigar ƙusa, wadda kake haɗa kushin da ita, kurɓa take yi, kurɓi ɗaya ƙusa ɗaya, tsakanin wannan da wancan inji yana hutawa. Idan ita kaɗai ce sana'arka, da ɗan hure ƙurar katako, ƙaramin marar mai mai tankin lita 25 ko 50 ya ishe ka har ya yi saura, kuma ba zan ji kunyar cewa ka saye shi ba. Amma na san ka. Idonka yana kan kayan ɗakin amare, gado da madubi da durowa, waɗanda ake layin karɓa daga bayan ƙaramar salla har zuwa babba. Wannan kuwa feshi ne. Bindigar feshi ba ta san kurɓa ba, kwankwaɗa take yi, lita 200 zuwa 300 a minti, wata ma fiye, muddin yatsanka yana kan kunama. Ƙaramin inji zai tashi ya kasa tsayawa, kansa ya yi zafin da ba ya taɓuwa, iska ta ragu a tsakiyar murfin durowa, fenti ya fara fita gudaji-gudaji. Marar mai na kasuwa an yi shi ne ya yi aiki ya huta. Wanda ya hana shi hutu, shi zai riƙa zarya wajen mai sayar da zobe.

Ga wani abu mai ɗaure kai, kuma a nan ne masu ba ka shawara suka kasu. Fenti ba shi da maƙiyi kamar mai. Mai mai kuwa, komai lafiyarsa, yana sakin ɗan tururin mai cikin iska, in ya tsufa ya ƙara. Na taɓa fesa kayan wata amarya ana saura kwana uku kai kaya, da safe na buɗe shago na tarar da fuskar durowa duk 'yan ramuka kamar wanda ya tashi daga agana. Kwana biyu muna gugar samfefa ni da yarana, ribar aikin ta tafi a tina da fenti, ga maganar da na sha daga bakin gwaggon amarya wadda har yau ban manta ba. Laifina ne, ban sa matata a bakin tanki ba. Saboda haka mai cewa "mai fenti ya guji mai mai" yana da hujja. Amma maganin ɗigon mai sananne ne kuma ba shi da tsada: matatar da ke tare ruwa da mai, a ɗaura ta nesa kaɗan da inji inda iska ta huce, a ƙara wata ƙarama a gindin bindiga, a ware tiyon feshi daban. Ƙarancin iska kuwa ba shi da matata. Wanda dole sai marar mai shi ne likitan haƙori, da mai aikin abin da za a ci ko a sha, inda ɗigo ɗaya ɓarna ne. Kai katako kake fesawa.

Sai kuma garin da muke ciki. Takardar da ke cikin kwalin inji ba a Kano aka rubuta ta ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yana sauka, ka share benci da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a kai da yatsa. Ƙara da garin katakon shagonka. Duk wannan inji yana shaƙa. A cikin mai mai, ƙurar da ta tsallake filta takan bi mai ta kwanta, ranar juye ta fita. A cikin marar mai ba ta da wurin zuwa, sai ta zauna tsakanin zobe da silinda ta zama samfefa. Ko wanne ka saya, filtar bakinsa ita ce hancinsa, ka riƙa buɗe ta duk mako lokacin hunturu, kada kuma ka ajiye shi kusa da injin yankan katako. In bazara ta shigo, Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano kuwa sai wanda ya zauna. Kada ka cusa inji a kusurwa ka lulluɓe shi da buhu don rage ƙara. Shi ma shan iska yake so.

Maganar wuta ba sai na daɗe a kanta ba. Tun 2013 KEDCO ta karɓi rarraba wuta, mu dai har yau nefa muke cewa, kuma ka san yadda take zuwa lungunmu da rabin ƙarfi. Moto lokacin tashi tana jan wuta ninki biyar ko shida na abin da take ci in ta daidaita. In wuta ta yi rauni sai ka ji tana gurnani ba ta juya ba. Kashe ta nan take, in ba haka ba gobe kana wajen mai naɗin koyil. A nan ƙaramin marar mai ya yi zarra, don janareta matsakaici yana ɗaga shi, babban mai bel kuwa mai ƙarfin doki 3 sai janareta na gaske. Shi ya sa ka ga masu faci na bakin titi sun haɗa kan mai mai da injin fetur da bel, sun huta da jiran nefa. Amma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, ka tambayi kowane mai faci abin da litar mai take ci daga cinikinsa. Abu ɗaya ka riƙe: in aiki ya yi nisa da inji, ƙara tsawon tiyo, kada ka ƙara tsawon waya. Siririyar waya doguwa ta kashe moto fiye da yadda nefa ta kashe.

Akwai abin da mai kanti ba zai faɗa maka ba, don ba a unguwarku yake kwana ba. Shagonka a cikin birni yake, a Yakasai, zauren gida ne aka fasa masa ƙofa. Bangonka bangon ɗakin wani ne. Bayanka akwai mai jego, gefenka makarantar allo, ga masallaci taku ashirin. Marar mai na da, irin mai ƙaramar moto mai gudun tsiya, ihunsa har cikin haƙori. Na yanzu masu kai biyu, waɗanda motarsu ke juyi wajen 1,400 a minti, kana tsaye kansu kana hira ba ka ɗaga murya ba. Mai bel na kirki shi ma bugunsa a ƙasa-ƙasa yake, duf-duf, ba ya huda kunne. Wanda nake so ka yi nesa da shi shi ne na tsakiya, mai mai amma marar bel, wanda aka manna kai a jikin moto yana juyi kusan 2,850 a minti. Shi ne ya fi yawa a kasuwa, shi ne ya fi araha, fentinsa ja wur, lambobin da ke jikinsa manya. Ya haɗa wahalar juye da ƙara da zafi, bai kuma ba ka iskar da za ka yi feshi ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kuma ko wanne ne, ka kashe shi daga bango kafin ka rufe shago. Iska takan sulale da dare, in aka kawo wuta ƙarfe biyu sai ya tashi shi kaɗai, da asuba mai unguwa ya aiko a kira ka.

Yanzu bari in taɓa ka kaɗan, ka yi haƙuri, ɗa na kowa ne. Mai mai kamar kiwo yake. Kullum da safe sai an leƙa ƙwayar gilashin da ke jikinsa an ga mai yana kan jan ɗigo. Sai an ajiye shi a daben da ya miƙe, in ya karkace fantsamar ba ta kai ko'ina. Sabo yakan zo babu mai a cikinsa, ko da ɗan kaɗan, ka duba kafin ka kunna. Juyen farko da wuri ake yi, bayan nan ka bi takardarsa, da yawansu suna cewa duk wata uku ko awa 500. Man kwamfaresa za ka zuba, kada ka zuba na mota, balle baƙin man da bakanike ya juye: yana kumfa, yana ƙonewa ya bar gawayi a kan bawul. Lokacin da kake wajen maigidanka na sha ganin madoshinka a ƙasa, ba wasi. In har yanzu haka kake, gara ka sayi wanda ba ya jiran kulawarka, ka haƙura da feshi ka riƙa kai wa wani. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. In kuwa yaye ya sa ka nutsu, kamar yadda mahaifiyarka take gaya mini, to mai bel zai kai ka har lokacin da kai ma za ka yaye wani.

Tanki kuwa bai san mai mai ko marar mai ba. Iska in an matse ta sai ta zubar da ruwa, a watan Agusta abin har mamaki yake bayarwa. Akwai ɗan famfo a ƙarƙashin tanki, ka buɗe shi duk yamma. Ruwan da ya kwana tsatsa ce, tana ci daga ciki inda ido ba ya gani. Ranar da tanki ya huje, kada ka kai wa mai walda, kada ka saurari mai cewa zai like maka. Tankin da ya huje a wuri ɗaya ya ruɓe a wuri goma, in ya fashe kuwa ba ya zaɓen wanda ke kusa. Bawul ɗin da ke sakin iska in ta yi yawa, kada ka ɗaure shi da waya don yana damunka da huci. Ka nisanta inji da inda kake feshi, don makunninsa yana tartsatsi, tina kuwa ba ta da haƙuri. Yaran shago ka hana su wasa da tiyo, ko hure ƙurar riga, ko nuna wa juna. An yi asarar ido ta wannan hanya.

Ra'ayina ke nan: tunda feshi kake nufi, mai mai, mai bel, tanki lita 100 zuwa sama, da matata tun ranar farko. In kuɗin sabo bai kai ba, na hannu mai lafiya ya fi jan nan na kwali, amma sai mun kwance famfon ƙasa mun ga launin ruwan da zai fito. Lambar lita da ke jikin kwali kada ta ruɗe ka, yawanci iskar da yake zuƙa ce, wadda take isa tiyo takan ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mu za mu auna da kanmu. A zubar da iskar tanki ƙarƙaf, a kunna, mu duba agogo har ya tsaya. Tankin lita 100 a bar 8 ya haɗiye iska lita 800 ke nan. In ya cika a minti uku, yana ba da wajen 265 a minti, zai riƙe bindigarka. In ya kai minti shida, mu yi wa mai kanti sallama mu matsa gaba.

Ranar Asabar ka zo da hantsi mu shiga Ƙofar Ruwa tare, in ba mu dace ba mu ƙarasa Sabon Gari. Ka taho da bindigar feshinka da wayarka mai agogo. Kuɗin kuma ka bar rabi a gida, sai mun gani.