Gyambon da Ya Ƙi Warkewa

A cikin Littafin Firistoci sura 13 an umarci firist ya duba tabon da ya fito a fatar mutum. In bai gane kansa ba, sai ya keɓe mutumin kwana 7, sa'an nan ya sāke dubawa ko ya yaɗu. To, mu manoman Funtua da Malumfashi, yaushe rabonmu da duba tafin ƙafarmu?

Da yawa cikinmu suna tsammani ciwon daji na fata cutar Turawa ce. Ba haka ba ne, 'yan'uwa. Gaskiya baƙar fata tana tare zafin rana, amma cutar tana da waɗansu ƙofofi. Babbar ƙofarta a ƙasarmu ita ce tsohon gyambo, ko tabon ƙunar wuta na shekaru da yawa. Tun 1828 wani likitan Faransa, Marjolin, ya rubuta labarin irin wannan miki. Bakinsa yakan tashi ya yi tauri, nama yana tsirowa, jini yana tsattsafowa, daga baya kaluluwa mai tauri ta fito a matsematsi. Wata irin kuwa baƙin tabo ne a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, yana ƙara faɗi a hankali. 'Yan'uwanmu zabiya su kam rana ce ke ƙona su, don haka ƙurjin da ya ƙi warkewa a fuska ko kunne ba abin wasa ba ne.

Me ke sa mu jinkiri? Da fari ba ya zafi. Wanda bai san alamun ba sai ya ce ƙaya ce, ko faso, ko kuwa sammu ya taka, ya yi ta ɗaura ganye. Wanda ya sani ma yakan ce bari a sayar da auduga tukuna. Daga shuka zuwa kaka wata nawa ke nan?

Ga abin tausayi. Wanda ya je da wuri, sau da yawa wurin kaɗai likita zai yanke. Wanda ya makara yakan rasa ƙafa, sai ƙauye ya ɗauka asibiti wurin yanke ƙafa ne, na bayansa kuma su ƙara ɓoyewa.

Mikin da ya wuce wata guda bai warke ba, a kai shi babban asibitin Funtua ko na Malumfashi. In likita ya ce a ɗebi ɗan nama a auna, ko ya tura mu asibitin koyarwa na Shika, kada mu ƙi. Dattawan ekklesiya kuma su tuna da kuɗin mota, gama shi ke tsai da mutane da yawa a gida.