Ɗana, Hasken Nan Amana Ne a Hannunka

Ɗana, na ji an ɗauke ka aiki a wani wurin ɗaukar hoton ƙashi a Sabon Gari. Allah Ya sa ka shiga a sa'a. Karatu kam ka yi shi a Jami'ar Bayero, ba ni zan koya maka sarrafa inji ba. Tuni kawai zan yi maka: wanda ke tsaye gaban injinka bai san abin da ke ratsa jikinsa ba. Hasken eksire ba a ganinsa, ba a jin zafinsa. Kai kaɗai ka san yawan abin da ka saki.

Da Bajamushe Wilhelm Rontgen ya gano hasken a 1895, aka yi ta amfani da shi ba kariya. A 1904 ciwon daji ya yi ajalin Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, bayan an yanke masa hannu biyu. Daga irin wannan asara aka samo dokokin da ka haddace don jarrabawa.

Hasken da ya fi ba ni takaici shi ne na maimaici, wanda aka sake watsa wa mutum don hoton farko bai yi kyau ba. A ce ɗan dako ne daga Kantin Kwari, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka ba shi takarda a Asibitin Zana ya zo gare ka. Kada layin da ke waje ya sa ka gaggawa. Ya cire riga, da laya, da duk wani ƙarfe. In mace ce, sarƙa da fil ɗin mayafi. Ka jingina ƙirjinsa da farantin ɗaukar hoto, inji na bayansa da tazarar santimita 180, don kada zuciya ta fito fiye da girmanta. Sannan ka nuna masa yadda zai ja numfashi ya riƙe, ku gwada tare kafin ka danna. Unguwar taku ta tara Ibo da Yarbawa da baƙi daga Nijar, kada ka ɗauka duk wanda ya gyaɗa kai ya fahimta. Ƙashi yana tare hasken shi ya sa yake fitowa fari, huhu iska ce ta cika shi sai ya fito baƙi, tabon tarin fuka kuwa sau da yawa ɗan dishi-dishi ne can saman huhu. Motsi kaɗan ya isa ya ɓatar da shi, likita ya sallami mai ciwo ya koma cikin iyalinsa yana tari.

Ƙarfin da za ka sa wa ƙaton ɗan kasuwa ba shi za ka sa wa yaro ba, domin jikin yaro ya fi saurin cutuwa. Ka tsuke tagar haske daidai gurbin da likita ya nema. Abin da ya wuce nan fantsama yake yi daga jikin majinyaci, ya dusashe hoton, ya kuma iso gare ka. Injinan zamani masu kwamfuta ina jin daɗinsu, amma ina tsoron abu ɗaya: a zamanin fim, in ka zarce sai hoton ya ƙone ya tona maka asiri, yanzu kuwa kwamfuta gyarawa take yi ta rufa maka. Ka riƙa duba lambar da ke nuna yawan hasken da ya isa faranti.

Ban ce ka tsorata mutane ba. A ma'aunin hasken da jiki ke sha, hoton ƙirji ɗaya bai wuce kimanin milisibat 0.1 ba, alhali ɗan Adam yana samun kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. Siti-sikan na ciki ne ke kai wa kusan 10. Wanda likita ya tura, amfaninsa ya fi illarsa nesa. Wanda kuwa ya shigo da kuɗinsa kawai yana son “a duba jikinsa”, ka lallashe shi ya fara ganin likita, ko da maigidanka zai ɓata rai.

Mace kuma ka tambaye ta ko tana da juna biyu, a keɓe, da ladabi. Amarya ba za ta amsa maka gaskiya a gaban surukarta ba.

Kai ma naka jikin yana da haƙƙi a kanka. Iyakar ma'aikaci milisibat 20 ce a shekara, kuma ba ka san inda kake ba sai ka maƙala bajon awo an kai an karanta. In ka ninka tazararka da inji, kashi ɗaya cikin huɗu ne zai same ka. Kada ka zama mai riƙe yara kullum. A sa wa mahaifin rigar dalma ya riƙe ɗansa.

Saura maƙwabci. Gine-ginen Sabon Gari manne suke da juna, wataƙila bayan bangonka akwai tela da ke wuni a kan keke. Ranar da za ka fara aiki, cikin ladabi ka roƙi maigidan ya nuna maka lasisin hukumar NNRA mai sa ido kan irin wannan aiki, ka kuma tambaya yaushe aka auna bangon da ƙofar don ganin ko haske na ratsa su. In ba a auna ba, ɗana, ka nemi a auna kafin ka ɗauki hoton kowa.