Lissafin Zana Layuka: Siddabaru Ne Ko Ilimi?

Hutun da ya wuce ina zaune a tsakar gida, sai ƙanwata da ke aji biyar na firamare ta miƙo min wayar Umma. Wani bidiyo ne a TikTok. Hannu kawai ake gani, ya zana layuka, ya gitta wasu a kansu, ya ƙirga mahaɗarsu, sai ga amsar 12 sau 13 ta fito. Ta ce, "Yaya, ya aka yi haka?" Na ce ai dabarar mutanen Japan ce. Ta ce, "Na ji, amma me ya sa take ba da amsa daidai?" Wallahi sai na yi tsuru-tsuru. Ni da nake shekarar ƙarshe ta difloma, 'yar shekara goma ta ƙure ni.

Abin ya tsaya min a rai, don ya tona asirin yadda da yawanmu ke karatu. Mu haddace hanya, mu juye ta a jarrabawa, ranar da lakcara ya ɗan murɗa tambaya sai a kwaso keri-oba. Shi ya sa na zauna na warware abin da kaina. Ɗauko biro da takarda mu yi tare.

Yadda ake zanen

Mu ɗauki 12 × 13. Zana layi ɗaya a karkace, daga ƙasan hagu zuwa saman dama. Bar fili, ka zana guda biyu a ƙasansa, su ma a karkace haka. Ka rubuta 12 ke nan. Yanzu ka gitta 13 a kansu, layukan na gangarowa daga saman hagu zuwa ƙasan dama: ɗaya ta ɓangaren hagu, fili, sannan uku ta ɓangaren dama. Ɗiga ɗigo duk inda layi biyu suka haɗu.

Za ka ga ɗigon sun taru wuri huɗu. Hagu akwai 1, sama 3, ƙasa 2, dama 6. Na sama da na ƙasa suna saitin juna, sai a haɗa su, su ba da 5. Karanta daga hagu: 1, 5, 6. Amsa 156.

Dalili na farko: gittawa ita ce ninkawa

Idan layuka biyu suka gitta uku, kowane ɗaya cikin biyun sai ya taɓa duka ukun. Uku sau biyu, shida. Kamar kujerun aji ne: sahu huɗu, kowane sahu kujera biyar, ba sai ka bi su ɗaya-ɗaya ba ka san ashirin ne. Don haka kowane tarin ɗigo amsar ƙaramar ninkawa ce, wadda wasu suka haddace, kai kuma ka ƙirga da ido.

Dalili na biyu: layukan ba darajarsu ɗaya ba

Nan ne bidiyon ya yi shiru. A cikin 12, wannan 1 ɗin goma ce. Layin nan guda da ka fara zanawa goma yake wakilta, biyun kuma ɗaya-ɗaya ne. Filin da ka bari tsakaninsu shi ya raba gidan gommai da gidan ɗaiɗai.

To, idan layin goma ya gitta layin goma, ɗigon da suka haifa ɗari ne. Goma da ɗaya, ɗigon goma ne. Ɗaya da ɗaya, ɗigon ɗaya ne. Kamar kuɗi ne a aljihu, duk takarda ce, amma ta naira ɗari daban, ta naira goma daban. Ashe ɗigo gudan nan na hagu 100 ne, biyar na tsakiya 50 ne, shida na dama 6 ne.

Karkata layukan ma ba ado ba ne. Shi ke sa "goma sau ɗaya" da "ɗaya sau goma" su faɗo saitin juna, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tunda darajarsu ɗaya.

Dalili na uku: kowa sai ya gaisa da kowa

Gwada 23 × 14. Hagu 2, sama 8, ƙasa 3, dama 12. Tsakiya ta zama 11. Muna da 2, 11, 12. Gida ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce 9, sai a yi canji. A 12 ka rubuta 2 ka riƙe 1. Tsakiya ta koma 12, ka sake rubuta 2 ka riƙe 1. Hagu ta zama 3. Amsa 322.

Yanzu rubuta shi ba zane:

(20 + 3) × (10 + 4) = 200 + 80 + 30 + 12 = 322

Ka ga tari huɗun nan sun dawo? Ƙa'idar ita ce, idan ka farfasa lambobi biyu za ka ninka su, dole kowane yanki na wannan ya ninka kowane yanki na wancan, sannan a tara. Zanen ba ya barin ka manta ko ɗaya, domin layi ba ya iya tsallake wani layin bai taɓa shi ba.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Cire 10 ka sa x:

(2x + 3)(x + 4) = 2x² + 11x + 12

Lambobin nan 2, 11, 12 su ne dai ɗigon da ka ƙirga. Buɗe baka a aljabara da ninkawar firamare abu ɗaya ne, bambancin kawai a aljabara ba a riƙe komai. Duk wanda ya taɓa rubuta (a + b)² = a² + b² aka zabga masa jan biro, ya zana layukan ya gani: tari biyu na tsakiya ya zubar, su ne 2ab.

Wata garaɓasa

Jimillar ɗigon 23 × 14 ita ce 25, wato layuka 5 sau layuka 5. Duk sanda ka riƙe 1, ka mai da ɗigo goma sun zama ɗaya, tara sun ɓace. Mun riƙe sau biyu: 25 − 18 = 7. Tara alƙaluman amsar: 3 + 2 + 2 = 7. Haka ma 2 + 5 = 7. Wannan shi ne asalin tsohuwar dabarar duba amsa ta zubar da tara. In lambobin biyu suka saɓa, tabbas ka yi kuskure. In sun dace, da alama ka yi daidai, sai dai ba ta kama wanda ya juya alƙaluma, kamar 232 maimakon 322.

Inda dabarar ke gajiya

Masu bidiyo suna son 1, 2 da 3, kuma da dalili. Gwada 98 × 97. Layuka 17 za su gitta 16, ka zauna ƙirgar ɗigo 272 kafin ka kai ga 9,506. Kafin nan an karɓe takarda. Sifili ma tarko ne. A 102 × 21, in ba ka ja wa sifilin layin da ba a ƙirga mahaɗarsa ba, 12 × 21 za ka yi, ka samu 252 maimakon 2,142.

Batun Japan kuwa, yaran can haddar jadawalin ninkawa suke yi tun aji biyu na firamare, suna kiransa kuku. Tunanin da ke ƙarƙashin zanen ma tsoho ne. Akwai hanyar raga, inda ake zana akwatuna a rubuta amsar kowace ƙaramar ninkawa a ciki, sannan a tara a karkace. Tana cikin littafin lissafin Ibn al-Banna na Marrakesh, a Maroko, tun ƙarshen ƙarni na 13, tana kuma cikin littafin da aka buga a Treviso ta Italiya a 1478. Maye lambobin akwatunan da ɗigo, ka dawo kan layukanmu.

Da na koma gida na zana wa ƙanwata layukan gommai da jan biro, na ɗaiɗai da shuɗi. Ba ta jira na gama bayani ba ta ce, "Au, ja da ja ɗari ne!" Kai ma gwada 31 × 22, sannan 203 × 12, ka duba amsarka da zubar da tara. Bayan nan ka ɗauko wata fomula da ka haddace don jarrabawar da ke tafe, ka yi mata tambayar yarinyar nan: me ya sa take ba da amsa daidai?

Allah Ya ba mu sa'a.